Gyaran Fitilar Marandali

Malam Iliyasu maƙerin gwangwani ne a Tsamiyar Shago, wani ƙauye da ke gefen hanyar Kunci, inda gonaki suka matse da juna har mutum ba ya gane inda tasa ta ƙare sai ya duba layin gamba ko lallen da aka shuka a kan iyaka. Da ƙuruciyarsa a-ci-balbal yake ƙerawa da gwangwanin madara, da mazurari, da ludayin awon mai. Da fitilun China suka cika kasuwa sai ya koma gyaransu. Ranar kasuwar Kunci yakan shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfa, a yi ta kawo masa tocila da fitilar sola da rediyo. Mutane suna cewa in abu ya gagari hannun Iliyasu, to a kai shi bola kawai.

A kusurwar ɗakinsa akwai wata fitila da ya gada, lulluɓe da tsohon zane. Tsayinta ya kai kafaɗar mutum. Gindinta farin dutsen marmara ne mai nauyi, sandarta ta tagulla, a samanta hannuwa uku ne dogaye, kowanne da hularsa ta alminiyam: ɗaya ja, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗiya. A ƙarshen kowane hannu akwai ƙwallon tagulla da ke riƙe nauyinsa, ta yadda duk inda ka tura hular da yatsa ɗaya, nan za ta tsaya ba ta ƙara motsi ba.

Mahaifinsa Dabo ne ya kawo ta. Tun Iliyasu yana ɗan shekara tara Dabo yake aikin kuku a sansanin wasu 'yan Italiya masu aikin hanya. Injiniyan da yake yi wa girki ya taho da fitilar tun daga ƙasarsu, ya ce ta gidan mahaifiyarsa ce. Da aiki ya ƙare, akwatunan da aka kawo masa duk sun yi mata gajarta, sai ya bar wa Dabo ita tare da tukunya biyu da agogon bango. An daɗe da sayar da tukwanen da agogon. Fitilar ce ta rage, don ba wanda ya ga amfaninta a ƙauyen da ba wutar lantarki. Ko da aka kawo wutar daga baya, shekara huɗu ta yi taransifoma ta ƙone, ba a sake waiwayarsu ba.

A cikin jar hular akwai wata 'yar takarda mai sheƙi da aka manna, ba ta fi faɗin farce biyu ba. An rubuta sunan maƙerar da aka yi fitilar da sunan garin, Milano. Dabo ba ya karatun boko, amma ya riƙe sunan maƙerar yadda ya ji shi a bakin Injiniya: Marandali. Iliyasu ya tashi yana kiran mai maƙerar Malam Marandali. Bai taɓa ganin ko hotonsa ba, bai san ko yana da rai ba, amma shi yake ɗauka malaminsa na sana'a. Ya kwance fitilar ya mayar ya fi sau ɗari. A jikinta ya koyi yadda ake ɓoye waya a cikin bututu, da yadda ake lanƙwasa bakin ƙarfe don kada ya yanki hannu, da yadda ake yin mahaɗa mai juyawa ba tare da ta saki ba. In ya yi wani aiki ya ga bai fita ba, yakan ce a ransa, Malam Marandali ba zai bar wannan ya fita daga rumfarsa ba.

Ciwon matarsa Rukayya ya fara ne da kumburin ƙafa bayan damina. Aka yi na gida, aka yi na kemis, har fuska ta fara hawa, sannan aka kai ta wani babban asibiti a Kano. Likita ya ce ƙodojinta biyu sun daina aiki, sai an riƙa wanke mata jini da na'ura sau biyu a mako. Kowane wanki da kuɗinsa. Suka sayar da san noma, suka sayar da awaki, suka buɗe rumbu tun kafin bazara. Babban ɗansu Sabiru yana dako a kasuwar Dawanau, abin da ya samu ya turo. Duk da haka sau biyun ya koma sau ɗaya, wani makon ma a tsallake, sai ka ga Rukayya a zaune jingine da bango tana numfashi da kyar, don in ta kwanta ruwa yake taso mata a ƙirji.

Autarsu Ikilima tana karatu a kwalejin horon malamai a Kano. Wata Juma'a ta zo gida ta tarar da mahaifinta ya fito da fitilar tsakar gida, yana ɗaga sandar yana kimanta nauyinta.

"Baba, me za ka yi da ita?"

"'Yan jari-bola za su zo ranar Lahadi. Tagullar nan za ta yi kilo shida."

Ta san abin da fitilar take a wurinsa. Ta fito da waya ta ɗauke ta hoto ta gaba da ta baya, ta leƙa cikin jar hular ta ɗauki 'yar takardar, wai ko don a riƙa tunawa. Tana zaune a kan turmi ta rubuta sunan a wayar, ba don tana sa ran komai ba. Sai ga hotuna sun fito, fitilar tasu sak, a tsaye cikin wasu fararen ɗakuna. Ta karanta a hankali. Ashe bayan yaƙin duniya na biyu ƙananan maƙeru sun yi yawa a garin Milano, kowace da 'yan ma'aikatanta, suna ƙera fitilu da hannu. Yanzu masu kuɗi a Turai da Amurka suna farautar waɗannan fitilun, ana kai su gwanjo. Ta ga farashin da aka sayar da wata irin tasu, ta juya shi zuwa naira, ta ƙirga sifirin sau uku.

"Baba, kada ka ba 'yan jari-bola."

Da ta gaya masa adadin, dariya ya yi, ya ce waya ma tana ƙarya. Amma ya mayar da fitilar ɗaki.

Ikilima ta koma makaranta ta yi ta tura hotunan duk inda ta ga ana cinikin tsofaffin kaya. Bayan kwana biyar wani mutum ya kira ta. Ya ce sunansa Abdulkabir, Bakano ne amma a Legas yake, yana saya wa wata mata 'yar Italiya tsofaffin kayan da Turawa suka bari a ƙasar nan. Ya ce ya tura wa matar hotunan, ko awa ɗaya ba a yi ba ta kira shi. Bai faɗi farashi ba, amma ya ce in fitilar ta gaske ce, maganar wankin ƙoda ta ƙare, sai dai a fara maganar dashe.

"Nan da kwana goma sha biyu zan shigo Kano," ya ce. "Don Allah kada a bari kowa ya taɓa ta."

Haka Ikilima ta isar da saƙon ta waya, kalma da kalma. "Baba, ya ce kada a bari kowa ya taɓa ta."

"In sha Allahu ba mai taɓa ta," in ji Iliyasu.

Washegari da hantsi ya yaye zanen ya zauna yana kallon fitilar, a karon farko da idon mai saye. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Tagullar ta dushe ta yi baƙi-baƙi, wani wurin har kore. Fentin hulunan ya koɗe, jan ya koma kalar busasshen tattasai, shuɗin ya ɓare a baki. Ruwan ɗorawar tana da lotsawa tun ranar da akuya ta ture ta. Wayar ciki ta bushe tana farfashewa. 'Yar takardar nan rabinta ya ɗago, hayaƙin shekaru ya dafe ta. Ya yi tunanin baƙo zai taso tun daga Legas, kuma daga nan a ɗauki fitilar a mayar da ita garin da aka ƙera ta, watakila ma jikokin Malam Marandali su gan ta. Za su ce wane irin mutane ne suka riƙe ta shekara hamsin? Kunya ta kama shi. Shi da ko tocilar ɗari biyar ba ya mayar wa mai ita sai ya goge ta.

Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa.

Rukayya tana zaune a bakin ƙofarta, ƙafafunta a miƙe kan tabarma. Ta ga yana kwance hannuwan fitilar yana jerawa a kan buhu.

"Malam, ba cewa aka yi a bar ta ba?"

"Cewa aka yi kada a bar kowa ya taɓa. Yara ake nufi, da masu shigowa kallo."

"Ni dai na ji an ce kowa."

"To ni kowa ne? Shekara hamsin ina kwance ta ina mayarwa. Shi mai sayen ya san ta kamar yadda na san ta?"

"Ka kira yarinyar nan ka tambaye ta mana."

"Ta san dalma ne ko ta san fenti? Ki bar ni da abin da na iya, Rukayya. Abu mai tsabta da abu mai datti ba kuɗinsu ɗaya ba, ko a kasuwar Kunci."

 Numfashin ma da za ta yi gardama da shi ba ta da shi.

Kwana tara ya yi a kan aikin, bai je rumfarsa ta kasuwa ba ko sau ɗaya. Ya jiƙa tagullar cikin ruwan tsamiya, ya dirje ta da toka da lemon tsami, ya bi da tsumma har sai da ya ga fuskarsa a jikin sandar. Ya sa ƙaramar guduma ta katako ya fitar da lotsawar hular a hankali, kwana guda cur, har yatsa ba ya jin inda take. Ya zare tsohuwar wayar ya zura sabuwa. Ya cire mazaunan ƙwai na dā, waɗanda ƙwan zamani ba ya shiga, ya sa sababbi. Sannan ya ɗauki samfefa ya kankare tsohon fentin hulunan uku har ƙarfe ya fito fari tas. Da ya zo kan 'yar takardar ya ɗan tsaya. Ya gwada ɗaga ta da bakin reza don ya mayar bayan fenti, sai ta ruɓe a hannunsa ta zama gari. Bai damu sosai ba, don ya riga ya kwafi rubutun a bangon kwali.

Ya auni wake tiya huɗu daga ɗan abin da ya rage ya sayar, ya ɗauki hulunan a kan keke ya kai wa mai fentin mota a Kunci. Ya tsaya a kansa aka haɗa kala, ya sa aka sake haɗa jan sau uku sai da ya yi daidai da wanda yake tunawa tun yana yaro. Aka fesa, aka shanya, aka sake fesawa.

Abu ɗaya ya rage yana damunsa: sunan maƙerin ya fita daga jikin aikinsa. Wannan a wurin Iliyasu cin amana ne. Sai ya ɗauko kurfi, ƙarfen da maƙera suke zane da shi, da guduma, ya ajiye kwalin a gabansa, ya buga sunan harafi bayan harafi a ƙasan sandar tagullar, da sunan garin a ƙarƙashinsa. Ya ce a ransa takarda tana ruɓewa, wannan kuwa har abada.

Da ya haɗa ta ya tsayar a tsakar gida, rana ta doke ta, maƙwabta suka riƙa leƙowa ta kan danga. Rukayya ma ta daɗe tana kallo.

"Ta yi kyau kam," ta ce.

Ranar da aka yi alkawari, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mota ta tsaya a bakin masallaci. Ikilima ce ta fara fitowa, sai Abdulkabir, mutum mai matsakaicin shekaru da farin gilashi da 'yar jaka a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Iliyasu, ya shiga ya yi wa Rukayya sannu, ya sha ruwa. Sannan Iliyasu ya shiga ɗaki ya ɗauko fitilar a lulluɓe, ya ajiye a inuwar darbejiya, ya yaye zanen.

Ikilima ta dafe ƙirji.  Abdulkabir ya fito da wayarsa ya dubi hoton, ya dubi fitilar, ya sake duban hoton.

"Baba, ina wadda aka turo mini?"

"Ita ce wannan. Ɗan gyara na yi mata."

Abdulkabir ya matso. Ya leƙa cikin jar hular, ya shafa wurin da yatsa. Ya shinshina fentin. Ya tsuguna ya ga sunan da aka buga a jikin tagullar, sai ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya? Akwai inda ban yi daidai ba? Faɗa mini, yanzu sai in gyara."

"Takardar da ke cikin hular nan, Baba, tana ina?"

"Ta ruɓe. Amma ga sunan nan na mayar, ba harafin da na bari."

Abdulkabir ya nemi wuri ya zauna a kan benci. Ya yi magana a hankali, kamar mai yi wa mutum ta'aziyya. Ya ce mutanen nan ba haske suke saye ba, suna da fitilun da suka fi wannan haske. Tsufan suke saye. Koɗaɗɗen fentin nan shi ne wanda maƙerin ya fesa da hannunsa, baƙin da tagullar ta yi shi ne shaidar shekarunta, har tsohuwar wayar da mazaunan ƙwai dubawa suke yi. Ya ce saboda tsadar fitilun nan, masu yin jabunsu sun yi yawa, kullum ana ƙera sababbi ana cewa na dā ne. Abin da ke raba ta gaske da jabu shi ne 'yar takardar nan da tsohon fenti.

"Yanzu duk masanin da ya ga sabon fenti, ba takarda, ga kuma suna an buga da kurfi, abin da maƙerar ba ta taɓa yi ba, cewa zai yi jabu ce. Ko na rantse masa da Alƙur'ani."

"Amma ga hotunan da na ɗauka," in ji Ikilima. "Suna nuna yadda take a dā."

"Suna nuna wata fitila mai takarda. Wa zai tabbatar ita ce wannan?"

Duk da haka ya ce bari ya gwada. Ya kira matar ta bidiyo, ya zagaya fitilar da wayar. Iliyasu ya hango fuskarta, tsohuwa ce mai gajeren farin gashi. Ta sa a matso da wayar kan mahaɗar hannuwan, da cikin hulunan, da wurin sunan. Ta rufe bakinta da hannu. Ta yi magana da Turanci mai tsawo, Abdulkabir yana amsawa da e, e. Sannan ta kashe.

"Me ta ce?" Iliyasu ya tambayi 'yarsa.

Ikilima ta sunkuyar da kai. "Ta ce wanda ya fitar da lotsawar nan gwani ne. Ta ce ko a can ba kowa zai iya ba."

"Sai me?"

"Ta ce ba za ta iya saya ba."

Iliyasu ya juya wurin Abdulkabir. "In na kankare wannan fentin fa? Akwai yadda ake sa tagulla ta yi baƙi, na sani, da gishiri da ruwan batir. Kwana uku ya isa."

"Baba, wannan shi ne ainihin abin da masu jabun suke yi."

 Maƙwabtan da suka taru a zaure suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ya tafi, Abdulkabir ya ce akwai abu ɗaya. Masu gyaran irin waɗannan fitilun a can suna neman kayan gyara na asali. Zai iya sayen dutsen marmarar da ƙwallayen uku da mahaɗar hannuwan. Sauran ba shi da bukata. Abin da ya taya zai biya wanki uku. Ya ce shi ma ya san ba kuɗi ba ne, kuma in Baba ya fi son ya riƙe abarsa, ba zai ga laifinsa ba.

Iliyasu ya dubi ƙofar ɗakin Rukayya. Kwana tara ke nan ba a yi mata wanki ba, ana jiran wannan rana. Ya shiga ya ɗauko akwatin kayan aiki. Shi da kansa ya kwance fitilar, don ya ga direban Abdulkabir ya ɗauko filaya zai murɗe mahaɗar ta inda ba a murɗawa. Ya naɗe kowane ƙwallo a tsumma daban, ya miƙa. Aka sa dutsen a bayan mota. Aka bar masa sanda da hannuwa uku da huluna uku masu sheƙi a kan buhu.

Kwana biyu Rukayya ba ta yi masa magana ba, in ya yi mata sannu sai ta ɗaga kai kawai. A rana ta uku, suna cikin motar haya za su Kano, an tsaya shan mai, ta ce ba tare da ta dube shi ba:

"Shekara talatin da takwas, Malam. Ban taɓa gaya maka magana a kan aikinka ka ɗauka ba. Sau ɗaya tak na so ka ji."

 Yana so ya ce don ita ya yi, amma ya san ba gaskiya ba ne gaba ɗaya. Ya san a kwana taran nan akwai lokutan da ya manta da ita sam, yana goge tagulla yana jin daɗi, yana hango yadda baƙo zai yaba.

Wanki ukun ya ƙare. Sabiru ya zo gida suka zauna a zaure, aka yanke shawarar sayar da gona. Gona ɗaya ce dama, ta bayan gari, wadda Dabo ya bari, ga gero da dawa da wake sun fara tasowa. Wani Alhaji mai sayen hatsi a Dawanau ya saye ta da amfanin da ke cikinta. Kuɗin ya kai su wata biyu da 'yan kwanaki.

Da ya kusa ƙarewa Iliyasu ya fara maganar sayar da gidan su koma ɗakin haya a Kunci. Rukayya ta ce a'a.

"Na gaji da hanyar nan. Na gaji da allurar nan. Ku sayar da gida, bayan wata biyu fa? Sai ku sayar da me? A bar ni a ɗakina."

Sabiru ya yi kuka, Ikilima ta roƙe ta, ba ta sauya ba. Ta ɗauki kwana goma sha shida. Kumburin ya hau har ba ta iya buɗe ido sosai, daga baya ta daina gane mutane. Iliyasu yana zaune a gefenta yana yi mata fifita. Ya yi ta jiran ta sake ta da maganar fitilar, ko ta zage shi ko ta ce ta yafe, amma ba ta sake ta da ita ba. Ta rasu ranar wata Talata bayan azahar, ana tsakiyar yankan gero.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka watse, Ikilima ta same shi a zaure yana zaune hannu rabbana.

"Baba, laifina ne. Da na tambaye shi dalili, da na yi maka bayani sosai."

"Kin faɗa mini abin da aka faɗa miki."

"Da na dawo gida na zauna da ita har ya zo."

"Ikilima, uwarki ta faɗa mini. Tana zaune a can, ina nan. Da kunnena na ji."

"Likita ya ce ko an yi dashen ba lalle ne a dace ba. Kwana ne ya ƙare."

"Haka ne," ya ce. "Kwana ne ya ƙare."

Ya faɗa ne don ta samu ta tashi. Ita ma ta san haka.

Ta ce za ta bar makaranta ta zauna ta riƙa yi masa girki. Ya ce in ta yi haka bai yafe ba. Ranar Asabar ya raka ta bakin titi, suka tsaya a gefen kwalta manyan motoci suna wucewa da buhunan sabon gero za su Dawanau. Da motar Kano ta tsaya ya miƙa mata jakarta ta taga, ya ce ta gaida Sabiru.

Bai koma rumfarsa ta kasuwar Kunci ba. Mutane suka riƙa biyo shi gida da tocila da rediyo, yana ce musu idonsa ya yi rauni, su kai wa wani. Amma ciki ba ya jira. Da dawa ta isa yanka, wakilin Alhajin ya zo ƙauyen neman 'yan ƙwadagon da za su yanke dawar gonar da aka sayar masa, Iliyasu ya ba da sunansa. Wakilin ya ji nauyi, ya ce ai Baba ba sai ya shiga rana ba, ya zauna ya riƙa lura da masu ɗaurin dami. Iliyasu ya ce a'a, a ba shi layinsa kamar kowa.

Aka ba shi layin gabas. Ya sunkuya ya fara sara tare da samarin da ya girme wa iyayensu. Kafin la'asar sun bar shi a baya da nisa, suka gama nasu suka zauna a inuwa suna jiran a sallame su. Ɗaya daga cikinsu ya taso zai kama masa, ya ɗaga masa hannu ya ce ya koma. Suka zauna suna kallonsa har ya kai ƙarshen layin.